Samfefar Baban Tsatsa

Shekara arba'in Baban Tsatsa ya yi yana gyaran jikin mota. Fanalbita ne na gaske, ko mota ta kifa sau uku in ta shiga hannunsa sai ta fito kamar amarya. Mu makwabta ne muka laƙaba masa sunan, don in ya ga tsatsa har jikinsa rawa yake. Ya taɓa tare mai baro a titi wai sai ya kankare masa gindin baron, kyauta.

A motocin da ake kawowa gareji ya fara tsintar tsabar kuɗi, ƙarƙashin kujera, cikin ƙofa, na ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa ba. Masu motar ba sa tambaya, shi ma bai taɓa tuna musu ba. Tun yana jefawa a gwangwanin madara har ya sa kafinta ya yi masa akwati mai aljihu shida. Da mayen ƙarfen tsohuwar sifika yake tantancewa. Wanda ya manne na ƙarfe ne, sai aljihun ƙasa. Wanda ya ƙi, irin na tagulla, ya hau sama.

Da ƙarfi ya ƙare, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya, sai babban ɗansa ya fara hararar ɗakin bakin titi, inda tsohon yake kwana da akwatinsa.

"Baba, shago za a yi a nan. Ka koma ɗakin baya. Wannan tarkacen kuma 'yan gwangwan su kwashe."

"Tarkace? Uwarka ma ba ta taɓa kiransa tarkace ba."

"Ai ita haƙuri ne ya yi mata yawa."

Ɗakin bayan nan gado kaɗai yake ci. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan magana ɗaya. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya san harkar tsofaffin kuɗi, zai zo ran Asabar ya duba. In ya ce abin mai daraja ne, akwati da mai akwati su zauna inda suke.

Ran Laraba tsohon ya jawo aljihun ƙasa, sai ya ja da baya. Ashe rufin da ɗan ya ce zai gyara tun bara yana ɗiga ta bayan akwatin. Duk na ƙarfen sun yi ja wur, wasu sun manne da juna.

Me fanalbita ya sani game da tsatsa? Ya nemo samfefa, da burushin waya, da ruwan batir. Kwana uku yana zaune a ƙofar gida yana gurza, muna wucewa muna cewa, "Baba, a sa musu fenti mana!" yana dariya. Da ya ga na ƙarfen sun fi na sama ƙyalli, sai ya ce ai ba a raba 'yan gida ɗaya, ya bi na tagullar ma ya gurje.

Malamin ya zo da gilashinsa mai ƙara girma. Ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya ɗauki wani.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ga shi a gabanka," in ji tsohon, har da dukan ƙirji.

"Baba, ina shekarar? Ina fuskar da ke jiki?"

"Tsatsa na cire, Malam."

"Ka cire har da kuɗin. Da ka jiƙa su a mai, ka bi da tsinke da tsumma a hankali. Kai, ko da tsatsarsu ka bar su, da na tsaya maka." Ya nuna wani. "Irin wannan shekara goma nake nema. Yanzu sai dai a huda shi a sa ƙarƙashin noti."

Tsohon ya dubi yatsunsa, duk sun saluɓe. Malam bai gama sa takalmi ba ɗan ya fito da igiyar awo yana gwada bango.

Washegari ɗan gwangwan ya zo da baronsa. Ya juye aljihu shidan a buhu ɗaya, ya rataya a sikeli, ya leƙa ciki.

"Kai, Baba, wa ya wanke maka su haka fes? Da ba a goge ba ai da sun fi nauyi."

Tsohon na tsaye rungume da filonsa, yana jiran a fitar da gadon.