Damtsen Awatif

Ƙofata da ta Awatif suna kallon juna a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Damanhur, kuma tun muna 'yan mata ban taɓa ganinta siririya ba. Da ƙibarta ta yi makaranta, da ita ta yi auren da bai je ko'ina ba, ta dawo gidan uwarta ta kama sana'ar naɗe ganyen kabeji da shinkafa tana kai wa masu biki. Hannunta a girki sai wanda ya ci, dariyarta kuma har mai gyaran takalmi na ƙasan bene yana ji. Ni da nake kamar sillen kara, kullum tsiyar da take yi mini ita ce in riƙa sa dutse a aljihu kada iska ta kai ni Iskandariya.

Da shekaru suka tura, ƙibar ta daina zama abin wasa. Ciwon suga ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi matakala, har ta koma zuro kwando da igiya ta baranda ana sa mata cefane. Sai wani ciwo ya fito mata a ƙafar hagu, aka yi magani aka gaji, ya ƙi rufewa. Likita bai ɓoye mata ba: ko a rage mata tumbi yanzu jikin ya sauka, ko nan gaba a yi maganar yanke ƙafar.

Matan da na sani masu jiran wannan aiki tsoronsu ɗaya, kada a sha wuƙa a banza ƙiba ta ƙi tafiya. Awatif kuwa tsoronta kada ta tafi da yawa, kuma dalilin yana kwance a ɗakin ciki.

Uwarta, Hajja Nabawiya, ta makance, gigin tsufa kuma ya ci mata tunani har murya ba ta ganewa. Abu ɗaya ya rage mata. In mutum ya zauna a gefen gadonta, sai ta lalubo damtsensa ta matsa. In yatsunta suka nutse a tsoka mai laushi, sai ta ce, "Awatif ce," ta buɗe baki a ba ta abinci. In ba haka ba ta datse haƙora, ta ce an zo sa mata guba. Na taɓa gwadawa da miyar lalo mai zafi a hannuna. Ta taɓa ni ta ce, "Wa ya shigo mini da muciya ɗaki?" Wuni guda ko ruwa ba ta karɓa ba.

Abin da ya tsinka zuciyar Awatif zuwan Sabrin ne, 'yar ƙanwar tsohuwar, wadda ta girma a gidan nan, mai jiki kamar Awatif, wadda a da in ta zo ita ma ana karɓar cokali daga hannunta. An yi mata aikin bara. Ta hawo matakala da gudu cikin wando, fatar wuya na reto, tana juyi a gabanmu.

"Yaya Awatif, kalle ni! Rabina ya tafi. Mijina cewa yake an sake masa amarya."

"Allah ya sa ba sayar da rabin kika yi wa mahauci ba," in ji ni.

Muka yi dariya, ta shiga gaida innarta. Ba a daɗe ba muka ji ihu. Tsohuwa ta damƙe hannun Sabrin tana kiran ɓarauniya, tana cewa a kira 'yarta. Sabrin ta fito tana kuka da shatin farce a hannu. Na dubi Awatif, na ga ta riƙe damtsenta da ɗaya hannun, ba ta ma san ta yi ba.

Ni na raka ta wurin likita. Maza biyu suka taimaka aka sauko da ita. A ɗakin jira mata sai nuna wa juna hotuna suke a waya, ga ni da, ga ni yanzu, ita kuwa ta kafa wa ƙafarta ido. Da muka shiga ta ce, "Likita, gaya mini gaskiya, nawa zan rage?"

Ya ce hakan ba a hannunsa yake ba. Wasu rabin abin da ya yi musu yawa, wasu fiye, jiki ne ke zaɓa.

"To hannun fa? Ba za a iya barin hannun ba?"

Ya yi murmushi, ya ɗauka kwalliya ce ta dame ta, ya ce daga baya ana ɗinke fatar da ta saki. Na so in yi masa bayani da fatar bakina, Awatif ta taka mini ƙafa. Haushi ya cika ni har gida, ban san ko na wa ba.

Kafin aikin an hana ta abinci mai nauyi, daga romo sai nono. Mace da ta ƙare rayuwarta a bakin tukunya ta koma tana ɗanɗana gishiri tana tofarwa. Tun ba a taɓa ta da wuƙa ba ta fara zubewa. Awarwaronta ya fara yawo. Tsohuwa kuma ta fara daɗewa a kan damtsen, ta matsa, ta saki, ta sake matsawa, kafin ta ambaci sunan. Ina tsaye a ƙofa ina kallo.

Tunda ni zan riƙe tsohuwa kwanakin asibiti, sai muka yi dabara. Awatif ta ɗauko tsohuwar rigarta mai ƙamshin girki, muka cusa auduga a hannun, na sa.

"Maman Hani, yau kin zama mace," ta ce, tana ƙoƙarin dariya.

Na zauna a gefen gado da cokali. Yatsun suka zo, suka matsa, suka tsaya. Sannan suka gangara a hankali har wuyan hannuna, suka shige ƙarƙashin rigar, suka taɓa ƙashi. Ba ta yi ihu ba. Cikin sanyin murya ta ce, "Kun kashe ta, kun cusa wa rigarta auduga."

Ranar aikin, da hantsi, tasi na jira a ƙasa. An gargaɗi Awatif cewa ko ruwa ya wuce maƙogwaronta za a fasa. Ta shiga yin sallama, na bi ta. Tsohuwa ta daɗe tana laluben hannun, ta hau kafaɗa, ta shafa kumatu.

"Awatif ce," ta ce daga ƙarshe. "Amma wa yake hana ki abinci, 'yata?"

"Ba kowa, Mama."

"Ƙarya kike. Na ji ki kina ƙarewa."

Ta lalubo burodin da ke kan farantinta, ta gutsuro, ta kai bakin Awatif. Direba ya danna oda. Awatif ta dube ni. Ta buɗe baki ta karɓa.

"Yauwa. Ki ci, kada in neme ki in rasa."

Muka fita. Tana dafe da bango, ina riƙe da ita, muka sauka hawa ɗaya, bakinta a rufe. A nan ta tsaya, ta jawo hannuna, ta tofa mini burodin a tafi, bai ko taunu ba. Ta naɗe yatsuna a kansa ta ce, "In ta tambaye ki, ki ce na haɗiye."