Da'ira Goma a Kan Allon Mahaifina

Shekarun baya can, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gumel, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ban taɓa ba da labarin a nan ba. Jiya ne wani a cikinku ya tambaye ni ko na san wani abu game da Kabala, na ce masa na sani, har fiye da yadda nake so.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, Kabala wani ilimin ɓoye ne na Yahudawa, kusan abin da mu za mu kira sufancinsu. Wani abokina ne ya jawo ni ciki, mutumin Damagaram, malamin boko, ko malamin lakwal kamar yadda suke cewa a can Nijar. In sun sami hutu yakan tsallako Maigatari ranar kasuwa mu zauna shan shayi. Irin mutanen nan ne da ba abin da ba su karanta ba. Ya san ina son duk abin da aka jera aka ƙidaya, sai ya nuna min wani zane a wayarsa, da'ira goma a sahu uku, an haɗa su da layuka, kowace da sunanta. Ya ce sahun dama na alheri ne da kyauta marar iyaka, na hagu na tsanani da kamewa, na tsakiya kuma nan ake son mutum ya daidaita. "In dama ta yi maka yawa ka zama lusari," in ji shi, "in hagu ta yi yawa ka zama azzalumi."

Maganar ta shige ni, domin ta same ni a gajiye. Mahaifina yana kwance wata takwas a ƙauyenmu ta wajen Sule Tankarkar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Salla ina yi, amma kamar mai sa hannu a rajistar zuwa aiki. Kada wani ya ce na bar addinina, ban bari ba. Na dai sami abin da ke sa ni jin kamar ina hawa wani mataki. Na sayi littafi, kullum da safe in rubuta wane ɓangare ne ya rinjaye ni jiya. Ina ta auna raina kamar mai awon gero, alhali gida sau ɗaya nake leƙawa a wata, shi ma da uzurin komawa da wuri a bakina. Mahaifiyata ce ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki.

Mahaifina malamin allo ne. Shekara arba'in yana yi wa mutane rubutun sha. Ni ne ɗan fari, ni kuma na bi boko na bar alƙalamin. Ba wanda ya taɓa yi min gori, amma a gidanmu kowa ya san inda gizo ke saƙar.

Wata Asabar bayan azahar ina zaune a zaurensa, wayata ta mutu, ƙauyen ba wuta. Ina so in gwada ko na haddace jerin da'irorin nan. Ga allonsa a jingine, ga ƙoƙon tawada ya bushe. Na ɗiga ruwa na dama, na zana su goma cif, na rubuta sunayensu da baƙaƙen Larabci, don da alƙalamin kara hannu ba ya yarda ya yi boko. Na ji daɗin kaina sosai, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na jingine allon ya bushe, washegari na hau babur na koma Gumel, na manta da shi sarai.

Ran Laraba aka kira ni da wayar maƙwabta, wai Inna ta ce lalle in zo Asabar. Na taho ina zaton jikin Baba ne ya tsananta, sai na tarar an yanka zabo. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta ma kallon fuskata, kunyar ɗan fari. Tana duban tukunya ta ce, "Ashe wasu suna da abu a hannu suka ɓoye, suka bar ubansu a kwance."

Na ce, "Inna, wane abu?"

"Rubutun da aka bari a zaure mana. Na wanke na ba Malam. Tun ranar yake barci, jiya har fura ya nema da kansa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta riga ta haɗa sabuwar tawada, ta shimfiɗa min buzunsa, allon yana nan fes yana jirana. Muryarta kuwa ban ji ta haka ba tun kafin ciwon. Na zauna na yi dabara, na rubuta Fatiha da ayoyin da na san yana rubuta wa marasa lafiya. Ta leƙo ta duba ta ce, "Wannan ai ɗaliban Malam sun yi masa har sun gaji. Wancan mai ƙwai-ƙwai ɗin za a yi."

Na kuwa zana mata. Har na gaya wa kaina cewa wannan aikin sahun dama ne, alheri ne, tausayin uwa ne. Wato ilimin da na ɗauko don in gyara halina, shi ya fara ba ni uzurin ƙarya, kuma da hujja mai kyau.

Asabar ta gaba ma na zo na zana. Tana wankewa ta zuba a kwalba, ta riƙa ba shi safe da yamma har sati ya zagayo. Magana ta fara fita. Wata maƙwabciya ta aiko a taimaka wa mijinta mai ciwon ƙafa, wata kuma 'yarta ce ba ta barci. Mahaifiyata tana ce musu su yi haƙuri, sai an gama na Malam. Na gaya wa abokina a waya, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Su kansu masu abin ba sha suke yi ba. Kai dai ka je ka gyara." Na ce to, ban gyara ba.

A Asabar ta uku, bayan na zana ta wanke, sai ta ce za ta leƙa gidan suna, a ba Malam kafin ta dawo. Ranar na fara ba shi da hannuna. Na tallafo shi, na kai ludayi bakinsa. Ya kurɓa, ya riƙe, sai ya karkatar da kai wajen ɓarin da ya mutu, ruwan ya silalo ta gefen baki ya sauka a tsumman wuyansa. Na ce ko ciwon ne. Na ba shi kunu, ya haɗiye lafiya lau. Na sake ba shi rubutun, ya sake zubarwa, wannan karon yana kallona.

Magana tana yi masa nauyi, kalma ɗai-ɗai take fita. Ya ce, "Ta nuna min allon. Kafin ta wanke. Murna take."

"Baba, ka san ko mene ne?"

"Ban sani ba. Shi ya sa."

Na durƙusa a gaban gadon na gaya masa komai, daga Maigatari har littafin awon raina. Bai yi fushi ba, ko kuma ba shi da ƙarfin yi. Ya ce, "Nasu ne. Ka bar musu." Na tambaye shi me ya hana shi gaya mata tun ranar farko. Ya daɗe yana tattara numfashi.

"Wata takwas ban ji dariyarta ba. Kai kuma ga ka, kana zuwa."

Na ɗaga tsumman don in canja masa, sai na ga wuyansa ya yi ja ya fara salewa saboda jiƙa. Sati uku ke nan, safe da yamma. Bai haɗiyi abin da bai sani ba, bai tona min asiri ba, bai kashe wa matarsa gwiwa ba, duk da rabin jiki. Ni mai da'ira goma a ka ban iya ko ɗaya ba. Ya ce, "Na gaji. Kai za ka faɗa."

Bayan la'asar na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na tsuguna nesa kaɗan na faɗa. Ba ta san Kabala ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta dai gane cewa ba Alƙur'ani ba ne, ba na Malam ba ne, ba magani ba ne. Hannunta bai daina ɓarar ba. Can ta ce, "Sau huɗu."

"Na farkon ban sani ba, Inna."

"Sauran ukun fa?"

Ta ce, "Shi Malam ya sani?" Na ce ya sani. Sai ta ajiye faifan, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta ce, "Ni kaɗai ce ke nan." Ta ɗauki mayafi ta fita, ta bi gidajen maƙwabtan da ta yi wa alkawari, ta janye maganarta da bakinta. Da zagina ta yi, ko ta mare ni, da ya fi min sauƙi.

Mahaifina ya ƙara wata biyar kafin Allah Ya karɓi abinSa. Ban ƙara fashin Asabar ba. Na koyi juya shi ba tare da na ja masa kafaɗa ba, na koyi yi masa aski. Ba yabon kai nake ba, ihu ne bayan hari.

Ban ga laifin Kabala ba, ban ga na abokina ba. Abin da ya gaya min game da dama da hagu gaskiya ne, na kuma gan shi da idona a kan gadon nan, wajen mutumin da bai taɓa jin sunan abin ba. Laifin nawa ne, na so gyaran rai wanda ba wankin tsumma a ciki. Shi ya sa yanzu in matasa suka turo min irin waɗannan zane-zanen suna cewa sun gano sirri, ba na musu da su, na gaji da musu. Nakan dai tambaye su wa ke kwance a gidansu.

Mahaifiyata tana wurina a Gumel yanzu, ta tsufa, hawan jini yana damunta. Ta yafe min tun tuni, da bakinta ta faɗa, kuma na yarda. Amma duk ranar da na kawo mata magani daga kyamis, sai ta karɓa ta yi godiya, ta sa mayafi, ta shiga gidan maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti a karanta mata abin da ke jikin kwalin. Nakan ɗebo ruwa a kofi in zauna in jira ta dawo.