Kazar da na ɗora wa yanyawa

Jiya da safe maƙwabcina ya ƙona kara yana jin ɗumi, ƙaurin ya shigo har ɗakina. Duk ranar da na shaƙi irin wannan hayaƙi, ramin yanyawa nake tunawa.

A ƙauyenmu, can gefen Kademi, akwai wani tudun yashi a iyakar gonar kakana. Nan yanyawa ta yi raminta. Ka san idan ɗari ya shigo, an kwashe amfanin gona, fara ta ɓace, abincinta sai ɓera. Da sanyin safiya mukan hango ta kusa da tarin harawa. Takan tsaya cak, ta karkata kunnuwa tana sauraron motsi a ƙarƙashin ganye, sai ta daka tsalle ta dira da ƙafafun gaba. Ba ta cinye abin da ta kama duka. Takan tona yashi ta binne saura saboda ranar da ba ta samu ba. Kaka ya hana kowa taɓa ta, domin rumbun da yake ajiye irin gyaɗa yana kusa, kuma ita ke rage masa ɓeraye.

Ina da shekara goma na harbi kazar Inna da danƙo. Kurciya na nufa. Kazar ta mutu nan take, tsoron duka ya kama ni. Na kai ta bakin ramin, na fige gashi na watsa, na dawo gida ina ihu wai yanyawa ta kashe kaza.

Kawu bai jira kowa ba. Ya toshe ƙofofin ramin, ya cusa kara a guda ɗaya. Ni na miƙa masa ashana. Ya cinna wuta, yanyawa ba ta fito ba.

Da Kaka ya dawo daga kasuwar Ajingi, ya je ya tsuguna a wurin, ya daɗe yana duban mushen kazar.

Ya ce, "Wa ya fara gani?"

Kawu ya ce, "Ga mutuminka nan, Baba."

"To. Yanyawa dai ba ta barin nama a fili cikin ɗari. Binnewa take yi."

Ya dube ni, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi alwala. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Kafin damina ɓeraye sun huda rumbun. Rabin gonar kawai aka shuka gyaɗa a shekarar.

Yanzu an yi gidaje a kan tudun, 'ya'yana ba su taɓa ganin yanyawa ba. Kawu ya tsufa, har yau yana ba su labarin yadda ya gama da ɓarauniyar kaji, suna dariya. Na yi istigfari. Kawu ne dai ban faɗa wa gaskiyar ba tukuna.