Takwaran Malam Sadiƙ

Lawwali taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. Mutum ne wanda in ya yarda da kai, to ya yarda ke nan, ko da garin Bungudu duka zai taru ya ce masa a'a. Tun muna yara haka yake. Ni na zama direban bas tsakanin Gusau da Tsafe, shi kuwa ya tsaya a lambun da suka gada a bakin gulbi shi da wansa Tukur, yana fama da albasa da tumatir da tattasai.

Lambun nan shi ne abin da ya rage musu. Gonakin da ke nesa da gari an bar wa 'yan bindiga tuntuni, ba mai zuwa ko leƙe. Tukur ya gaji. Wani Alhaji ya taya lambun, Tukur yana so a sayar ya karɓi rabonsa ya koma Kano. Wurin kuma siriri ne, rijiya ɗaya gare shi, ba ya rabuwa biyu. Lawwali ya ƙi, don bai iya komai ba sai ban ruwa, in ka raba shi da lambu ka gama da shi.

Ana cikin wannan ja-in-ja labari ya ɓulla cewa wani babban kanti mai rassa a Abuja da Kaduna zai buɗe a Gusau. Ba irin kantin omo da sukari ba, na kayan abincin masu hali ne, inda ake jera ganye cikin firji kamar magani. An kewaye wani fili a hanyar bayan gari, an kafa allo da hoton gini mai ƙyalli. Mutane suka sa masa suna Kantin Gilashi tun ba a aza bulo ɗaya ba.

Sai ga ma'aikacinsu ya zo neman manoman da za su riƙa ba su kaya. Sunansa Malam Sadiƙ, saurayi mai fara'a, mai tsabtar takalmi. Gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Ya shiga lambun Lawwali, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya yaba. Ya bi shi gida ya ci tuwon dawa da miyar kuka har da neman ƙari. Ya ba shi irin jan kabeji da na wasu ganyaye masu ƙanshin sabulu, ya ce in kanti ya buɗe, duk abin da lambun ya fitar su ne masu saye.

A makon nan Balkisu matar Lawwali ta haifi namiji. Ranar suna liman ya raɗa Abubakar, Lawwali ya sanar cewa Sadiƙ za a riƙa kiransa, ya yi wa baƙonsa takwara. Na ja shi gefe na ce, "Kai wane irin mutum ne? Daga cin tuwo sau ɗaya sai takwara?"

Ya ce, "Haliru, kai mota kaɗai ka sani. Wanda anka yi ma takwara ba shi ɓacewa. Ko Makka yat tahi, sai ya waiwayo ɗiyanai."

A wurinmu haka abin yake, ban musa ba. Wanda aka sa wa yaro sunansa ya zama ɗan gida. Shi ke ɗinka wa yaron kayan sallah, shi ake kira in ya yi rashin lafiya, kunya ma ba za ta bar shi ya yanke zumunci ba. Lawwali a zuciyarsa ya riga ya ɗaure kamfanin gaba ɗaya da igiyar da ta fi takarda ƙarfi. Malam Sadiƙ da aka gaya masa ta waya ya yi murna ƙwarai, har ya aiko da 'yan riguna da man shafawa. Lawwali ya kai rigunan gaban Tukur ya ajiye, ya roƙe shi ya yi haƙuri har kanti ya buɗe. Tukur ya yarda, ransa bai so ba.

Rani na zuwa Lawwali ya rage albasa, ya cika fangali da jan kabeji. Kuma ya yi kyau, don hannun mutumin nan akwai albarka. Ni na kai masa kasuwar Gusau. Mata suka zo suka jujjuya, wata ta ce wannan kabejin ciwo ya kama shi, wata ta ce ko rini aka yi masa. Ganyen mai ƙanshi kuwa ko tayi babu. Awakin unguwarsu ne suka more, har na fara ce masa mai ciyar da awaki abincin Turawa. Ya yi dariya ya ce gwaji yake yi, kada kanti ya buɗe ya tarar hannunsa bai saba ba.

Ni da nake kan hanya kullum na san abin da shi bai so ya sani ba. Duk kayan kantin nan ta Funtuwa za su biyo, su ratsa Tsafe, sannan su shigo Gusau. Mu da muke bin hanyar sai mun tambayi na gaba ko lafiya kafin mu tashi, wani lokaci mu jira rakiya, wani lokaci mu juya. Wane mai dukiya ne zai ɗora motar firji a kan wannan titi saboda ganye? Su ma Alhazan da za su sayi ganyen, yawancinsu sun kwashe iyali zuwa Abuja. Na gaya masa haka ba sau ɗaya ba, har muka yi kwanaki ba ma gaisawa.

Shekara ta juyo, wata ta biyo ta. Allon ya koɗe, iska ta yage gefe guda, masu gyaran babur suka mayar da inuwarsa wurin aiki. Lawwali bai taɓa shiga Gusau ya koma bai bi ta wurin ba. Yaro ya yi wayo, ya fara bin uban lambu. Kayan sallah ba su zo ba, wayar Malam Sadiƙ kuma ta daina shiga. Lawwali ya ce mai yiwuwa sace ta aka yi. Abin ya daina ba ni dariya, tausayinsa ya kama ni, da haushi kuma.

A bana Tukur ya ce haƙurinsa ya ƙare. Lawwali ya roƙi a bar shi ya ji daga bakin takwara. Na sha wahala kafin na samo sabuwar lambar ta hannun wani direban Kaduna. Muna zaune a bakin rijiyar lambun na kira, na buɗe murya don mu ji tare.

Malam Sadiƙ ya ɗauka da fara'arsa ta da. Sai da Lawwali ya ambaci Bungudu da tuwo da jan kabeji sannan ya gane shi. Ya ce ai shi ya bar kamfanin da daɗewa, maganar Gusau kuwa tun a shekarar farko aka ajiye ta saboda hanya, ya ɗauka kowa ya sani. Ya ba da haƙuri sosai. Har zai kashe, sai ya ce, "Af, na tuna lokacin an yi maka haihuwa. Ya sunan yaron ma?"

Lawwali ya dubi wayar. Ni na katse kiran.

Sai Lawwali ya ce in gaya wa Tukur ya kira Alhajin. Ya miƙe ya karkaɗe riga. Yaron yana can ƙarshen fangali yana wasa da taɓo. A garinmu Abubakar yana da wani sunan da ake kiransa da shi, sai na ji Lawwali ya ɗaga murya ya ce, "Garba, taho mu tahi gida."

Yaron bai ko ɗago kai ba. Lawwali ya sake kira, shiru. A na uku muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Sadiƙ." Nan take yaron ya taso a guje.