Hajiya Sahada Lukuman da Ƙofofinta Huɗu

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Sahada a shekara ta 1934 a tsohon Zongon Lome. Mahaifinta shi ne Malam Lukuman, dillalin goro wanda kakansa ya zo daga ƙasar Katsina, mahaifiyarta kuwa Rabiatou Tchakoura, 'yar Kotokoli daga Sokodé. Ta yi karatun allo gwargwadon abin da za ta yi ibada da shi, amma ba a sa ta lakwal, wato makarantar boko, ba. A wajen mahaifiyarta ta koyi dafa wake da shinkafa na sayarwa, kuma a bakin tukunyar nan ta iya yaren Mina, ta kuma koyi yin shiru tana sauraron masu ciniki.

Aure da zuri'a

A 1953 aka ɗaura mata aure da Malam Oumarou, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗan asalin Gaya, suka zauna a wani sashe na gidan mahaifinta. Allah ya azurta su da 'ya'ya shida, ɗaya ta rasu tana jaririya. Bayan wafatin Malam Lukuman a 1964, aka raba gado, ita ta sami ɗan siririn filin da ke jikin katanga ta bakin titi, wanda ba kowa ya damu da shi ba.

A damina ta 1967 mijinta ya rasu a haɗarin mota a hanyar arewa. Da ta fita takaba, wan marigayin, Alhaji Hamidou, ɗan canji a unguwar Kodjoviakopé, ya tara dangi ya bayyana shawararsu bisa al'ada, cewa a raba riƙon marayun: biyu su tafi Gaya, ɗaya Kumasi wajen goggonsu, namijin ya koma hannunsa, a bar mata ta goye. Ba don mugunta ya faɗa ba, ganinsa tukunyar shinkafa ba ta ciyar da baki shida. Waɗanda suka halarci zaman sun ce abin da ta faɗa bai wuce wannan ba: "Yaya, ku ba ni shekara biyu. In na kasa, da hannuna zan kawo muku su." Aka sa wa'adi a gaban liman, zuwa Sallar Layya ta 1970.

Farkon gini da kuskurensa

A 1968 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa, samari suka yi ta kwararowa Lome neman aiki, ɗakin kwana ya yi wuya. Wannan ne ya ba ta tunanin gina ɗakunan haya, alhali ba ta taɓa sayen ko bulo ɗaya ba. Ta sayar da atamfofin da ta tara tun aurenta, da 'yan kunnenta na zinariya, ta haɗa da kwasar adashi, aka tayar mata da ɗaki huɗu na siminti da rufin kwano a kan filin gadonta.

Maginin ɗan Zongo ne, sai ya gina su yadda ya ga iyayensa na gina gidan mutunci: bango ya ba titi baya, ƙofofi huɗu suna kallon tsakar gida, ba a isa gare su sai ta zaure. Ita ma ba ta ga aibu ba, domin ba ta taɓa sanin ɗaki yana kallon wani wuri ba. A tsakar gidan kuwa akwai mahaifiyarta, da matar ƙanenta, da 'yan mata.

Wata goma sha ɗaya ɗakunan na nan wayam. Mai nema ya zo ya duba, ya yaba ginin, ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba a sake ganinsa. Ta rage kuɗin haya har sau biyu, ta yi sadakar ƙosai Juma'a bakwai. Matan unguwa suka sa wa wurin suna otel ɗin ƙadangaru, wa'adi kuma yana ta matsowa.

Juya ƙofofi

A ƙarshen 1969 ta tsare wani mai cin abinci a wajenta, Mamadou, lebura a tashar ruwa, mutumin Gao, wanda shi ma ya taɓa dubawa ya tafi. Sai da ta tambaye shi sau uku sannan ya buɗe baki. "Inna, ɗakinki ba shi da laifi. Amma ni gwauro ne. Duk shigata sai na tsaya a zaure na yi sallama, a ce mata su gyara, in wuce kai a sunkuye kamar ɓarawon kaza. Sau shida a yini fa! Ai gara kwanan kan buhu."

Sai ta ƙara masa nama. Washegari ta kira magini. Ƙanenta ya yi tsaye a kan cewa ɗakin da ya buɗe baki ga titi kanti ne, ba gida ba, kuma zubar da darajar mahaifinsu ne. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta sa aka toshe ƙofofin ciki, aka fasa bango ta waje aka mayar da su can, aka yi makewayi daban a kusurwa. Cikin mako uku ɗakunan suka cika, Mamadou ne ya fara shiga.

Ranar wa'adi Alhaji Hamidou ya zo, ya tsaya a titi ya daɗe yana kallon ƙofofin, ya ce, "To, Sahada, kin juya wa gidan Malam baya, amma kin riƙe 'ya'yanki. Allah ya sa albarka." Da ta ƙara ɗaki biyu a 1973, ɗaya ta bar shi yana kallon ciki, ba ta karɓar ko dala a kansa, domin baƙon da ya sauka a Zongo bisa tsohuwar al'ada.

Tashin Zongo

A ƙarshen 1977 hukuma ta tayar da tsohon Zongo zuwa sabon wuri a arewa da Agoè. Filin gadonta ba shi da takarda, da baki aka ba kakan mahaifinta, don haka gininta ya tafi tare da sauran. Abin da ta tsira da shi kwanon rufi ne da ƙofofin nan huɗu na katako, waɗanda 'yan hayarta suka cire suka loda mata a mota.

Sabon wurin ya yi wa ma'aikatan tashar ruwa nisa, ko ɗaya bai biyo ta ba. Alhaji Hamidou, wanda a lokacin tsufa ya kama shi, ya sake tayin karɓar ƙananan biyu. Ta ce, "Yaya, wancan karon ban san inda ƙofa ke kallo ba. Yanzu na sani." Kafin ta aza bulo ɗaya, sai da ta yi wata guda tana sayar da abinci a bakin babbar hanya, tana lura da masu tsayawa da abin da suke nema. Ta gane direbobin manyan motoci ne da fataken shanu, masu son ruwan wanka da wurin da za su riƙa hango kayansu daga bakin ƙofa. Haka ta gina a 1978, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu tsofaffin ƙofofin.

A shekarar kuma ta shiga ajin manya tana da shekara arba'in da huɗu, domin ta ce ba za a sake rushe mata abin da ba ta iya karanta takardarsa ba. A 1981 ta karɓi takardar mallakar filinta, ta sa hannu da alƙalami, ba da yatsa ba.

Ƙarshen rayuwa

Ta sauke farali a 1984. A shekarunta na ƙarshe zawarawa da dama sun zo neman shawararta kan gina ɗakin haya, kuma ba ta fara musu da maganar siminti, sai ta tambaya wa zai kwana a ciki, kuma an je an ji ta bakinsa?

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar Talata, 14 ga Nuwamba 1989, bayan jinyar hawan jini, tana da shekara hamsin da biyar. Bisa wasiyyarta, an ciro ƙofar ɗakin farko aka yi mata wanka a kanta, aka mayar da ita mazauninta. An sallace ta bayan Azahar, aka binne ta a maƙabartar sabon Zongo. Mamadou, wanda ya zo daga unguwar Hanoukopé da furfurarsa, yana cikin waɗanda suka saka ta a kabari.

Ta bar 'ya'ya biyar: Rahmatu, 'yar kasuwar atamfa, Lukuman, makanike a Agoè, Hussainatu, wadda abokiyar tagwaicinta ce ta rasu tana jaririya, Meimuna, ungozoma, da auta Ajaratu, malamar lakwal. Babu wanda ya tafi Gaya, babu wanda ya tafi Kumasi. Su biyar a gaban uwarsu suka girma. Allah ya jiƙanta, ya buɗe mata ƙofar rahama.