Allurar da ba ta wuce ɓeraye ba

Ƙanena yana da shekara ashirin da huɗu ƙafafunsa suka fara ƙin hawa matakalar masallaci. Likita a Abuja ya ce ciwon tsoka ne na gado, naman yana zagwanyewa a hankali, kuma ba shi da magani. Ni kuwa malamin bayoloji ne a wata sakandare a Kwamba. Malami in aka ce masa babu amsa, gani yake ba a duba da kyau ba ne.

Na duƙufa karatu a waya. Na tarar masana suna ƙoƙarin aika wa tsoka gyararren umarnin halitta cikin wani ɗan zoben DNA da suke kira plasmid, ba tare da sun goya shi a bayan ƙwayar cuta ba. Matsalar, da zarar an yi allura sai sinadaran jiki su daddatsa zoben kafin ya shiga inda aka aike shi. Shi ya sa suke neman abin da za su naɗe shi a ciki.

Na yi wa ƙanen nawa bayani da la'asar a ƙofar ɗakinmu na haya, har da zane a ƙasa. Shi sana'arsa ɗaure saƙo ce a tasha.

Ya ce, "Wato ɗauri ne bai yi ba, Yaya. Su kawo min mana. Ni da na aika ƙwai Kaduna ko ɗaya bai fashe ba."

Na ce, "Saura kaɗan su gano."

Ban gaya masa a jikin ɓeraye ake gwajin ba. A aji na saba datse darasi ya zo daidai da ƙararrawa, nan ma na datse.

Da damina ta faɗi, abokan aikinsa suka kawo masa keken guragu. Ya ƙi hawa. Ya ce in ya zauna naman ƙafarsa zai ƙare, allurar ta zo ba ta sami wurin shiga ba. Hujjarsa ta fi ta yawancin ɗalibaina tsari. Ya ci gaba da bin bango. Ya faɗi a bakin kwata ya fasa haɓa. Bayan mako biyu ya faɗi a banɗaki, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka karanto masa, kai za ka warware."

Na same shi kwance, na faɗa masa ragowar darasin.

Ya ce, "Ɓeraye?"

"Ɓeraye."

"Su ɗin sun warke?"

"Ba warkewa ake dubawa ba tukuna. Ana duba ko saƙon ya isa."

Ya ce, "Ba zan riske ta ba ke nan."



Washegari ni na tura shi a keken har tasha. Bai kula ni ba duk tsawon hanya, sai da muka zo wata kwana ya ce in bi ta hagu, akwai rami.