Motar Da Ta Tsaya Kafin Matankari

A shekarun farko na samun mulkin kai, ni saurayin bakanike ne a Dogon Dutsi, ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, inda na koyi aiki. Ina ji da kaina ƙwarai. A duk garin mu biyu ne ke iya sauke inji mu mayar da shi, ɗayan kuwa dattijo ne da nake ganin zamani ya wuce shi. Abin da zan faɗa muku yau ya daɗe yana cin raina.

Wani Alhaji ɗan kasuwa yana da mota mai buɗaɗɗen baya, wadda ke zuwa Dogon Kiriya ranar kasuwa. Motoci ba su da yawa a lokacin, don haka ita ce ta kaya, ita ce ta fasinja, ita ce kuma ake ɗauko maras lafiya da ita. Da injinta ya gaji, Alhaji ya tsallake dattijon ya kawo mini. Na sauke shi, na kai babbar sandar da ke juyawa a cikinsa Sakkwato aka goge ta, na sa sababbin zobba da sababbin ƙarafan da sandar ke kwanciya a kansu, na haɗa. Bugu ɗaya mota ta tashi. Amma da inji ya ɗauki zafi, sai na ga allurar agogon baƙin mai tana saukowa a hankali har ta kusa kwanciya.

Na duba mai, a cike yake. Na ɗaura agogon wata mota, duk ɗaya. Na kwance tukunyar mai ta ƙasa, na wanke rariya, na duba famfo, lafiyarsa lau. A rana ta uku na je wurin dattijon kamar hira ce ta kai ni, na ce wai wani ne a Doso abin ya faru da shi. Bai ko ɗago kai daga aikinsa ba, ya tambaye ni ko an goge sandar, in kuma an goge, ko an auna ta kafin a sa mata ƙarafa. Ya ce sandar da aka goge ta rame, in aka sa mata ƙarfe irin na asali, mai zai riƙa zurarewa ta gefe, kuma ba magani sai a sake sauke injin. Ni kuwa ban auna ba, na asali na sa.

Gyaran gaskiya shi ne in sake wargaza aikin, a jira makonni kafin a samo ƙarafan da suka dace, gari kuma ya ji cewa ɗan Yamai ya yi kuskuren da ba a yi. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Sai na zuba mai mafi kauri, na cusa ɗan ƙarfe a bayan sifirin ɗin famfon mai don allura ta miƙe da safe, na mayar wa Alhaji motarsa. Direban, mutumin kirki ne mai kula da abin da aka damƙa masa, ya dawo ya ce mini allura tana sauka in rana ta take. Na ce masa agogon ne ya tsufa, kada ya kula shi. Ya ce tunda ni na faɗa, shi ke nan.

Ba a yi wata guda ba, cikin bazara, direban yana dawowa daga Dogon Kiriya wani makiyayi ya tare shi a hanya. Matarsa ta kwana biyu tana naƙuda, haihuwa ta ƙi. Direba ya sauke buhunan gero, aka shimfiɗa mata tabarma, ya taka mota fiye da yadda ya saba. Kafin su kai Matankari inji ya fara ƙwanƙwasa, sannan ya ƙame, rana tsaka, cikin rairayi, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Kafin a samo amalanke daga ƙauye la'asar ta yi. Matar ba ta kai gidan likita ba, ta tafi da abin da ke cikinta.

Washegari aka tura ni in jawo motar. Mutanen ƙauyen suka kewaye ni suna cewa doguwa, aljanar tsamiyar, ce ta riƙe ta, ai ba yau ta fara ba. Allah ya yafe mini, na ji daɗin maganar. Mijin ya zo ɗaukar tabarmarsa, ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya, ya ce kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare. Har yau in na ji inji na ƙwanƙwasa, hannun nan nake ji a kan nawa.

Direban bai sake riƙe sitiyari ba, ya koma gona a Geceme. Bayan shekaru muka haɗu a kasuwa, ya ce mini da bai matsa wa motar ba da ta kai su, shi ya jawo. Kalma ɗaya daga bakina za ta sauke masa wannan nauyin. Na tambaye shi yadda damina ta yi. Ya rasu bai sani ba.

Na san rai na Allah ne, ban kuma san ko matar za ta rayu da sun isa ba. Amma na san na ga alama na rufe ta, na kuma sa mai gaskiya ya daina yarda da idonsa. Kuskuren awo kowa na iya yi, ɓoye shi ne laifina. Ku masu sana'ar hannu, in aikinku ya nuna aibi, ku kira mai shi ku faɗa masa tun abin yana hannunku. Kunyar kwana biyu ce. Wanda zai hau abin da kuka gyara ba ku san shi ba, ba kuma lalle ku sami damar neman gafararsa ba.